Maɓallin Tayar da Mota: A Yi Tunani Kafin a Yanke Wayar Makulli

  

Zancenmu na yau ya taso ne daga saƙon murya da wani dattijo ya aiko mana daga wajen Matamaye. Falken awaki da tumaki ne, yana da tsohuwar a-kori-kura da yake kai dabbobi kasuwa da ita. Ya ce makullin motar ya fara ba shi wahala. Wata rana sai ya yi ta jijjiga shi kafin ya murɗu, wata rana kuma ya murɗu amma motar ta yi tsit. Ɗansa ya ba shi shawara a cire makullin baki ɗaya, a sa masa maɓalli irin na motocin zamani, wanda da an danna sai inji ya tashi. Tambayarsa ita ce: a sa, ko kada a sa?

To Baba, mun ji. Ni dai aikina magana a rediyo, saboda haka sai da na je na zauna a gareji wurin masu wayarin, na ga yadda ake aikin da idona, na kuma haɗa da wani abu da ya taɓa faruwa da mu a hanya. Ga abin da na samo.

Aiki huɗu makulli yake yi

Yawancinmu mun ɗauka aikin makulli ɗaya ne, tayar da mota. A'a, huɗu ne. Ku duba bakin ramin makullin motarku, za ku ga matakai. Da ka sa makulli ka murɗa kaɗan, ya saki ƙarfen da ke kulle sitiyari. Ka ƙara, rediyo ya kama. Ka ƙara, fitilun dashbod su kunnu, wuta ta tafi wajen inji da famfon mai. Sai mataki na ƙarshe, wanda kake murɗawa ka saki ya dawo da kansa, shi ne ke aika wa kik saƙo ya juya inji. Kik ɗin nan shi ne ake kira demarer a garejin Maraɗi da Damagaram.

Duk wanda zai sa maɓalli, sai ya fara tambayar kansa: cikin ayyukan nan huɗu, wanne maɓallin zai karɓa, sauran kuma wa zai yi su?

Shi maɓalli ma ai ba baƙon abu ba ne. A 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fara sayar da mota mai kik na lantarki, bayan shekaru ana juya inji da hannu. Daga nan aka daɗe ana tayar da mota da maɓalli ko da abin takawa da ƙafa. Sai a 1949 kamfanin Chrysler ya haɗa aikin a jikin makulli. Wato abin da samari ke kira sabon yayi, kakanninsu direbobin gingimari sun san shi.

A fara gano ciwon

Wani mai wayarin ya ce da ni sau da yawa akan kawo masa mota a ce a sa maɓalli, ya duba ya tarar makullin lafiyarsa ƙalau. Maɓalli saƙo kawai yake aikawa, ƙarfin juya inji daga batir yake fitowa. In batir ya mutu, ko zinariya aka yi maɓallin da ita, mota ba za ta tashi ba.

Ga gwajin da za ku iya yi ko a ruga. Ku kunna manyan fitilu, ku murɗa makulli. In fitilun suka dushe sosai, kuka ji ƙas-ƙas-ƙas a jere, to ku nemi laifin a batir, ko a kawunansa da suka yi farin gari ko suka saki. In aka ji ƙas sau ɗaya aka yi shiru, fitilu kuma suna nan da haskensu, galibi kik ne ya gaji. In kuwa ba a ji komai ba sam, sai an jijjiga makulli sannan ta amsa, to nan ne za a fara zargin makullin.

A gareji kuma a sa mita. Batir mai lafiya da ya huta yakan nuna kusan bolt 12.6. In ya nuna 12.2, rabin caji ke gare shi. Lokacin da kik ke juyawa bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. In inji ya tashi, ya kamata a ga wajen 14, alamar mota tana caji ke nan.

Sannan shi kansa gidan makulli kashi biyu ne. Akwai ƙarfen da makulli ke shiga, akwai kuma ɓangaren wayoyi da ke bayansa. A motoci da yawa ana iya canja ɗaya a bar ɗaya. Sau tari wannan canjin ya fi sa maɓalli sauƙin kuɗi da sauƙin rigima.

Iri biyu ne a kasuwa

Na farko shi ne ɗan ƙaramin maɓalli shi kaɗai. Makulli yana nan a wurinsa, kai za ka sa shi ka murɗa har fitilun dashbod su kama, sannan ka danna maɓalli ya tayar da kik. Aiki ɗaya tak ya karɓa cikin huɗun nan.

Na biyu shi ne mai kwali, wanda ke zuwa da ɗan baƙin akwati, da tarin wayoyi, da rimot ko wani ɗan faifai da ake kangawa. Shi wannan so yake ya gaje makulli gaba ɗaya. Ka taka birki ka danna, mota ta tashi. Ka sake dannawa, ta mutu. Wasu ma daga nesa ake tayar da su.

A ido na biyun ya fi burgewa. Amma mu da motocinmu ke kwana a daji, ba a ƙofar gareji ba, lissafinmu daban ne.

Yadda ake sa ƙaramin, in za a yi shi daidai

Ba cewa nake kowa ya ɗauki filaya ya shiga ƙarƙashin sitiyari ba. Ina faɗa ne don in kun tsaya a kan mai aikin, ku san abin da idonku zai duba.

Da farko a cire kan batir na baƙar waya, mai alamar ragi. In motar mai jakar iska ce, wadda ke fashewa ta tare direba lokacin haɗari, a dakata 'yan mintoci kafin a taɓa komai, kuma duk waya ko soket mai launin rawaya da ke kusa da sitiyari a bar shi, galibi na jakar ne.

Na biyu, a nemo wayoyin da mita, kada a bi launi. Launin waya ya bambanta daga mota zuwa mota, balle tsohuwar mota da hannu goma ya riga ya shiga cikinta. Ana neman uku: wadda ke da wuta kullum, wadda ke samun wuta in an kunna makulli, da wadda ke samun wuta lokacin tayarwa kawai. A motocin Jamus irin su Golf da Opel, za a ga an rubuta musu lamba 30, 15 da 50.

Na uku, kuma a nan masu gaggawa ke yin ha'inci: dole a sa rile. Kik na cin wuta mai yawa, ya haura amfiya 100 a ƙaramar motar fetur, na motar gas kuwa ya ninka haka. Wannan babbar wutar ta kaurin kebul take bi. Amma ko ƙaramar wayar da ke kai masa saƙo tana jan abin da ya fi ƙarfin ɗan maɓalli. Rile wani ɗan akwati ne mai ƙafa huɗu ko biyar, mai ɗaukar amfiya 30 ko 40. Maɓalli ya taɓa rile da 'yar wuta kaɗan, rile kuma ya ɗauki nauyin. In ba shi, maɓallin zai yi ta zafi har ya narke, ko ya manne kik ya yi ta juyawa ba tsayawa.

Na huɗu, fiyus. A sa shi kusa da inda aka ɗebo wutar, daidai da kaurin wayar. Wanda ya ɗaura zaren waya a gurbin fiyus ya ajiye wa kansa gobara. Ku tuna abin da muke ɗauka: harawa, buhunan dusa, atamfa, wani lokaci har da jarkar mai.

Na biyar, maɓallin ya sha wutarsa daga wayar da ke kamawa bayan an kunna makulli. Ta haka in babu makulli, ko an danna ba abin da zai faru. Sannan a mayar da saƙon cikin wayar tayarwa ta asali, domin ya bi ta tsaron da kamfani ya sa, wanda ke hana mota otomatik tashi a cikin giya, ko wanda ke neman a taka kuloci a wasu motocin.

Na ƙarshe, haɗin waya. A like da dalma ko a matse da kan waya na ƙarfe, a rufe, a ɗaure wayoyin kada su yi lilo kusa da ƙafar direba. Murɗa waya biyu da hannu a naɗe da salatif ba aiki ba ne. Zafin watan Afrilu zai saki salatif ɗin, gargadar hanya ta ƙarasa sauran.

Wurin da za a kafa maɓallin ma a duba. Kada gwiwa ko kayan fasinja su riƙa taɓa shi. In aka danna shi inji na aiki, haƙoran kik za su gwabza da na inji, ka ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. A sami mai murfi ya fi.

Abin da ya same mu a hanyar Maigatari

Yanzu bari in ba ku labarin mai kwalin. Bara, ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, na bi wani kawuna da ya ɗauko raguna daga wani ƙauye na yankin Dungas zai kai Maigatari. Kun san kasuwar Alhamis take ci. Ranar Talata aka sa masa maɓallin mai rimot, yana ta murna, duk wanda ya zo sai ya danna masa ya gani.

Muka taso da dare. Da asuba muka tsaya a gefen hanya muka yi salla. Muka dawo, Kawu ya taka birki ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Ko fitilar dashbod ba ta kama ba. Ya ce ba komai, a tura. Mu huɗu muka tura motar nan cikin rairayi har numfashinmu ya ɗauke, ya saki kuloci, inji ya juya amma ya ƙi kamawa. Muka sake, haka.

Dalili kuwa, turi yana maye gurbin kik ne kawai. Sai da wuta a inji da famfon mai kafin turi ya yi amfani. A da makulli ke ba da wannan wutar. Yanzu akwatin ne ke bayarwa, akwatin kuma ya yi shiru. Kawu ya ciro tsohon makullinsa daga aljihu, ashe mai aikin ya datse wayoyin gidan makullin tun daga tushe.

Rana ta fito, raguna suka fara haki a bayan mota. Sai da aka hau babur aka ɗauko mai wayarin daga gari. Abin da ya tarar, wata 'yar siririyar wayar akwatin ce da aka murɗa da hannu a jikin ƙarfen mota, girgizar hanya ta kwance ta. Gyaran bai kai minti goma ba. Amma mun shiga kara bayan azahar, manyan masu saye sun riga sun cika motocinsu. Kawu ya sayar da wasu a yadda aka taya, ya koma gida da sauran. Abin da ya rasa ran nan ya ninka kuɗin maɓallin ban san sau nawa ba.

Abubuwa uku da mai kwali ke taɓawa

Na ɗaya, makullin sitiyari. Akwatin zai iya tayar da inji, amma ba zai iya janye ƙarfen da ke kulle sitiyari ba, wannan sai makulli. In mota ta tashi babu makulli a ramin, kana juya sitiyari a kwanar farko zai iya datsewa, mota na tafiya. Don haka masu aikin kan yi ɗayan biyu: su bar makulli a ciki dindindin, ko su cire ƙarfen kullewar. Kowanne aka yi, an sauƙaƙa wa ɓarawo aiki. Wanda kuma aka yi masa rabi da rabi, ƙarfen bai fita sosai ba, yana yawo da ajali a ƙarƙashin hannunsa.

Na biyu, ƙwayar tsaro da ke cikin kan makulli. Tun 1998 ƙasashen Turai irin su Jamus da Ingila suka wajabta wa sababbin motoci wannan tsaro, kuma da yawa cikin motocin da aka kawo mana ta Kwatano daga can suka fito. In motar ba ta ji ƙwayar a kusa ba, inji ba zai kama ba, ko ya kama ya mutu nan take. Don maɓalli ya yi aiki, sai a ɓoye makulli ɗaya ko ƙwayarsa a cikin dashbod. Wato ka ɗauki makullin gidanka ka rataye a jikin ƙofa. Ga mai barin mota a bakin kasuwa tun safe har magariba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na uku, batir. Akwatin ba ya barci, dare da rana yana sauraron rimot, yana tsotsar wuta kaɗan-kaɗan. Motar da ke fita kullum ba za ta ji ba. Amma wadda ake ajiyewa daga kasuwa sai kasuwa, ko ta makiyayi da ke yin sati biyu a ƙarƙashin bishiya, tana iya wayar gari batir ya yi sanyi. Shi ma rimot ɗin da ɗan batirinsa mai kamar kwabo. Samunsa a Konni ko Illela ba wuya, a ruga fa?

Akwai kuma wani tarko na masu bin iyaka. A irin waɗannan na'urori da yawa, in inji ya riga ya tashi, zai ci gaba da aiki ko rimot ya yi nisa. Alhaji ya tayar da mota a ƙofar gida, rimot na aljihunsa, direba ya ja ya tafi. A shingen duwan ko na kwastan aka ce a kashe mota a buɗe kaya. An kashe, shi ke nan, mota ta zauna, rimot yana can gida.

Masu gas, masu giyar hannu, da masu yara

Motar gas, wato gazuwal, tana da hita da ke ɗumama inji kafin a tayar, musamman da sanyin hunturu. Direba yakan jira fitilar hita ta mutu sannan ya murɗa. In akwatin bai san wannan jiran ba, zai yi ta wahalar da kik da batir. A tambaya tun kafin a saya. Manyan motoci kuma da yawa bolt 24 suke amfani da shi, in aka haɗa musu kayan bolt 12 nan take za su ƙone.

Mai giyar hannu, ina roƙonka da girman Allah kada ka yarda a haɗa maka tayarwa daga nesa. Direbobinmu sun saba barin mota a cikin giya saboda hambirki ba ya kamawa. Ka danna rimot daga rumfar mai shayi, mota ta zabura, alhali akwai yaro ko akuya a kwance a inuwar gabanta. Ko da ƙaramin maɓalli ne, ka saba wa kanka: giya a firi, ƙafa a kuloci, sannan ka danna. In ba ta tashi ba cikin daƙiƙa goma, ka saki, ka ba kik hutu.

Yara kuwa, makulli yana yi musu wuyar murɗawa, amma maɓalli mai haske ai abin wasa ne a wurinsu. Kada a bar rimot a cikin mota. Kada kuma a bar inji na aiki a rufaffen wuri, hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya farga ba.

Abin da za ku tambayi mai wayarin

In kun yanke shawarar sawa, ku yi masa tambayoyin nan kafin ya taɓa waya. Ina rile, ina fiyus, nuna mini su. Me za ka yi da makullin sitiyari? In abin nan ya mutu a daji, yaya zan tayar da motata? Ku ce masa kada ya datse soket ɗin asali, ya bar shi yadda za a iya mayar da shi da hannu, ya kuma koya muku da yaron motarku yadda ake yi. In an cire makullin sitiyari, a sa wani ɓoyayyen abin kashe wuta a layin famfon mai, wanda ku kaɗai kuka san wurinsa. Mai aikin da ya ji haushin tambayoyin nan, ku ɗauki motarku ku yi gaba.

Bayan an gama, a gwada a fili. A tayar a kashe sau da yawa. A juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe. A taɓa wayoyin a ji ko suna zafi. A koyi yadda ake kashe inji da gaggawa. A bi hanya mai gargada a dawo a sake gwadawa. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: kada a yi wannan aiki ana jibi kasuwa, a ba shi ko da sati guda ana zagayen gari da shi.

Amsarmu ga Baba na Matamaye

Baba, ga shawararmu. A fara auna batir da kik. In lafiyarsu lau, a duba gidan makullin. In ƙarfen ne ya cinye har makulli ba ya murɗuwa, a canja shi, domin ƙaramin maɓalli ba zai warkar da wannan ba. In kuwa makulli yana murɗuwa, fitilu suna kamawa, matakin tayarwa ne kawai ya ƙone, to a sa ƙaramin maɓalli da rile da fiyus, makulli ya ci gaba da zama a wurinsa. Shi mai kwali da rimot, a bar wa motar da ba ta nisa da gari. Ɗanku ya yi tunani mai kyau da ya nema muku sauƙi, sai dai kada garin neman gira a rasa ido.

Masu wayarin da ke saurarenmu a Gaya, Kamba, Konni, Illela, Ɗan Isa da Jibiya, in akwai inda na yi kuskure ko abin da kuka gani a wurin aiki, ku aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba. Direbobin da suka riga suka sa, ku ma muna son jin yadda kuka ƙare da shi a damina da lokacin ƙura.